Idon da Ba a Gyara Ba

Inna ta zazzage buhun a tsakar ɗaki, jakunkuna suka watse har ƙarƙashin kujera.

"Waɗannan me suke yi a bayan ƙofa?"

Auta, 'yarta, ba ta ɗago daga kan waya ba. "Dawo da su aka yi, Inna. Wai ba aikinki ba ne, jabu muka sayar musu."

"Jabu? Ni da na saƙa su a kan wannan kujerar har bayana ya ƙage?"

Tun rasuwar mai gidanta Inna ta kama kwarashi da zaren ulu, don dai kada hannu ya zauna banza. In ta gama jaka, wanda ya fara yabawa shi ke tafiya da ita. Mijin Auta ne ya ɗauki hoton wata ya sa a waya, sai mutane suka yi caa. Kafin a ce kwabo falon ya zama shago: Auta na amsa waya, mijinta na kai kaya a babur, Inna na saƙa. Da wannan ake cefane yanzu.

Sai aka yi mata aikin cire yanar ido a idon dama. Ran da aka kwance bandeji ta dawo gida, ta ga jakunkunanta a rataye, ta saki salati. Abin da take ɗauka ruwan toka ashe ruwan hoda ne. Ruwan ƙasan nata kuwa ja ne jawur, ga kore a gefensa kamar an yi faɗa a shagon fenti. Kunya ta hana ta cin abinci. Daga ranar ta koma saƙa na mutunci, launi na bin launi. Su ne waɗannan da ke zube a ƙasa.

"Shekara da shekaru kuna kallona ina haɗa wannan hauka," in ji Inna, "ba mai cewa Inna kin ɓata hanya?"

"Haukan ake saya, Inna."

"To ke yi mana! Ba ki da hannu?"

"Na yi ai. Ke ma kin gwada da gangan, kin ga abin da ya fito. Kamar tsumman goge ƙafa."

Gaskiya ne, shi ya fi ƙona mata rai. Ta rasa wa za ta kama: masu sayen da ba su san kyau ba, ko likitan da ya gyara ta, ko 'ya'yan da suka yi shiru.

Ana haka mijin Auta ya shigo da hular kwano a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, gaisuwar ta yi tsawo fiye da kullum.

"Inna, cewa na yi, tunda idon hagun yana nan da yanarsa, in za ki zaɓi zare ki ɗan rufe na daman kawai. An ba mu babban aiki. Shi ya sa ma na kira asibiti na ce su ɗaga ranar aikin na hagun, sai mun ɗan..."

"Ka ce su me?"

"Ɗagawa ce kawai, Inna, ba fasawa ba."

"Idon uwarka ne?"

"Haba Inna!" in ji Auta. "Suruki ne fa."

"Ai da sanin haka na tambaya. Idona ya zama jari? Gobe in aka ce gurguwa ta fi iya saƙa sai ku karya mini ƙafa!"

Ta ja mayafi ta fice, takalmi ɗaya nata, ɗaya na Auta. A bas ta yi ta magana ita kaɗai har na kusa da ita ya matsa. Ƙara za ta kai, amma wajen wa? Me za ta ce an sace mata?

A asibiti ta zauna a benci tana jiran layi. Matar da ke gefenta ta ɗora jaka a cinya, Inna ta gane ta tun daga hannun: ita ta saƙa. Ta dube ta da idon dama, ta ji kamar ta ƙwace ta cusa a kwandon shara. Sai ta sa tafin hannu ta rufe shi. Da na hagu jakar ta kwanta luf, ruwan toka da ruwan ƙasa, yadda ta san ta. Ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Baba, lafiya?" in ji matar.

"Ina kika samo wannan?"

"Wata tsohuwa ke yin su. Allah Ya ba ta ido wajen launi."

"Makauniya ce."

Matar ta janye jakarta. "Kai, mutane da hassada! In kin isa ki yi irinta mana."

Inna ta kau da kai. A yi mata rashin kunya, kuma wai don a kare ta.

Da layi ya zo kanta, nas ta duba ta ce ai ɗanta ya kira ya ɗaga.

"Ba ɗana ba ne, kuma ba a fuskarsa idon yake ba. Mayar mini da ranata."

"Kin tabbata, Baba? Kada gobe a sake kira."

Inna ta tuna Auta da cikinta da ya fara fitowa, da falon da ba abin da ke shiga cikinsa sai ta hanyar jakar nan. Ta kuma tuna yadda ta ga fuskar jikanta tar a karo na farko, har da ɗan tabon goshinsa da ba ta san yana da shi ba.

"Ko sarkin aljanu ne ya kira, ki ce ba ki ji ba."

Nas ta yi dariya, ta ce ta zo makon jibi da sassafe.

Ba gida ta nufa ba, kasuwa ta sauka, tunda sati biyu kacal ya rage kafin a gyara na hagun. Mai zare ya taso da fara'a zai ba ta kujera, ta ce ba zama ya kawo ta ba.

"Sauko da duk abin da ke kan kantar nan. Ka kawo igiya."

Ta kwance bakin ɗankwalinta ta ɗaure idon dama tamau. Ta shiga ɗaga zare tana karawa da ɗan'uwansa, tana miƙa masa bibbiyu, uku-uku, yana ɗaurewa yana jefawa a buhu. Can ya tsaya da wasu biyu a hannu, ya dube su, ya dube ta.

"Inna, waɗannan kam ko a mafarki ba sa tafiya tare."

Hannunta ya kai kan ɗankwalin, kamar za ta ɗaga ta leƙa. Sai ta sauke shi.

"Ɗaure," ta ce. "Kawo wani buhun."