Baki Mai Tsabta

"Umma, me ya sa Inna Tela ta mayar da zobenta babban yatsa?"

A gaban Inna Tela 'yata ta yi tambayar. Na galla mata harara, amma idona ya riga ya sauka kan hannun, duk ya rame. Inna Tela maƙwabciyarmu ce, ita kaɗai a gidanta, ƙarar keken ɗinkinta ke tashinmu da safe. Tun da ƙirji ya fara damunta take zuwa wurin wani mai magani, yana ba ta 'yan ƙwayoyi farare masu zaƙi da ake ajiyewa ƙarƙashin harshe.

"Inna, kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci mana, in magani ya ba ni fili."

Ashe cewa aka yi ta sha da baki mai tsabta, kada abinci ya bi shi kusa-kusa. Ita kuwa ba ta yin aiki rabi, sai ta riƙa wuni tana gadin bakinta.

Na kira mai maganin a waya, ya zo da gumi. Ya ja fatar idonta ya duba, ya danna ƙafarta, gurbin yatsansa ya ƙi cikowa. Ya ɗauki tef ɗinta daga kan keke ya zagaya damtsenta.

"Auna da kyau, yaro," in ji ta. "Ka bar rarar ɗinki, zan ƙara ƙiba."

Bai yi dariya ba. "Ɗan lokaci na ce, Inna, ba wuni ba! Wannan ya fi ƙarfin kwalabena. Asibiti za mu yanzu."

Likitoci sun yi nasu, suka ce a riƙa ba ta madara da ƙwai kaɗan-kaɗan. Na goya ƙaramina, na zauna bakin gadon da cokali. Ta karɓi ɗaya, ta yamutsa fuska.

"Ke da sukari sai Allah. Haka kike yi wa mijin naki?"

"Buɗe baki dai, Inna."

Ta buɗe, kamar jaririna. Amma zuciyar ta riga ta gaji. Ba ta ga ƙarshen makon ba. Da muka dawo, rigar makarantar 'yata na nan ƙarƙashin allurar keke, hannu ɗaya ba a haɗa ba.

In tsohuwa ta ce maka ta ci, kada ka yarda daga bakin ƙofa. Shiga, ka ja kujera.