Harafin da Jibo Ya Sani

Wani dare a Kore Mairuwa, zamanin da Faransawa ke mulki, Jibo ya ji wata ƙara a ɗaki, ƙarat-ƙarat, kamar gafiya na cin ƙwarya. Ya ɗauka doguwa ce ta biyo hanya, har ya fara addu'a. Ashe matarsa A'i ce ke susar hannuwanta da sakaina.

A'i mai fura ce. Ranar kasuwa fatake kan wuce masu fura uku su zo gindin gawon da take zama. To, ruwan toka ya ci mata hannu garin dafa sabulu, fatar ta yi ja, ta kumbura. Wa zai sha furar da hannu mai ciwo ya dama? Da an ce kuturta, sana'a ta mutu.

Maƙwabciyarsu Ajuma ta kawo curin man kaɗe, irin wanda ake kawowa daga kudu. Kwana huɗu ana shafawa, jan ya fara lafawa. Amma Jibo ya yi shekara biyu a lekwal, makarantar boko, kafin a maido shi gona, kuma tun daga nan yake jin maganin ƙauye ya yi masa kaɗan. Ya ɗora A'i a jaki sai Dogon Dutsi, wurin lokotoro, wato likitan Bature.

Baturen ya juya hannuwan, ya sunsuna, ya karɓi curin man kaɗen da A'i ta zo da shi ya murza a yatsa, ya gyaɗa kai. Ya yi magana mai tsawo. Tafinta ya taƙaita:

"Ya ce a sa mai, safe da marece. Akwai wani abu cikin mai, bitamin E, shi ka kashe zahin fata."

E! Cikin haruffan lekwal, shi ne wanda bai taɓa ɓace wa Jibo ba, mai haƙora uku kamar guntun mataji. Sai ya ji kamar da shi kaɗai Baturen ya yi magana.

A bakin hanya suka iske wani direban kamyo yana gyaran babbar motarsa, ga gwangwanin man inji a ƙasa. Jibo ya tsuguna yana bin rubutun da yatsa. Kalmar mai ce da Faransanci, ya gane ta, ga kuma E a ƙarshenta, ƙato, ja. Direban ya tsiyaya masa a kwalba yana dariya.

"Jakin naka za ka ba, baba?"

A gida A'i ta sunsuna, ta kau da kai.

"Maigida, wanga warin mota shikai. Ba na Ajuma yan nuhi ba? Na ga ya gyaɗa kai."

"Ke, Bature zai ƙetaro teku don shi yabi man kaɗe? Kin san E?"

"Ban san ta ba."

"To, miƙo hannu."

Ta miƙa. Wannan ne abin da ya fi cin Jibo daga baya: ba ta yi gardama sau biyu ba. Ya ɗauki curin Ajuma ya jefa saman rumbu, kaji suka bi.

Kwana na farko ta ce yana zafi, ya ce magani ke aiki. Na biyu ta kasa riƙe ludayi. Na uku hannuwan suka yi ƙuraje masu ruwa, suka fashe. Ajuma ce ta jiyo kuka ta katanga, ta shigo ba sallama, ta wanke baƙin man da ruwan ɗumi, ta koma ta ɗebo nata man kaɗen.

Ciwon ya warke bayan wata biyu, amma ya bar farare-farare a bayan hannu, yatsu biyu kuma suka ƙi lanƙwashewa. A'i ta koma gindin gawo. Fatake suka gaishe ta da kyau, suka kalli hannun, suka ce yau a ƙoshe suke. Kasuwa uku tana dawowa da ƙwarya cike. A ta huɗu ba ta je ba.

Jibo bai zubar da kwalbar ba. Ya rataye ta a ƙofar ɗaki inda zai riƙa ganinta. Yakan zauna yana zana harafin a ƙasa, ya ƙidaya haƙoran, ya share da tafin hannu. Sau da yawa gyaɗa kan Baturen yakan dawo masa, sarai kamar jiya. Ya gani a ranar ma. Gani ne bai so ba.

Wata la'asar Ajuma na shafa wa A'i man kaɗe a yatsun da suka sandare, Jibo na gefe yana tufkar igiya. Ajuma ba ta ɗaga kai ba ta ce:

"Ni kam, Jibo, na daɗe ina son in tambaya. Lokotoron nan, wane mai yac ce a sa?"

A'i ta dubi hannunta. Jibo ya ci gaba da tufka.