Fuskar Borghild a Hoton Biki

Ranar Alhamis likitan fata ya ƙona wa Borghild wurare a goshi da hanci da feshin nan nasu mai sanyi. Ya ce rana ce ta cinye mata fata, daga yau sai malafa da man kariya, ko da hadari a sama. Ranar Asabar ɗanta Arild ya bugo waya.

"Mama, gobe in an zo ɗaukar hoto, ko za ki zauna a ciki ki huta? Tunda likita ya hana ki rana."

"Wa ya aiko ka?"

Ya ce, "Baba ne ya ce hoton Tuva abin ajiyewa ne har tsufa."

Tuva 'yar Arild ce, jikarta tilo, gobe za a yi bikin tabbatar da ita cikin addini a coci. Rigar gargajiyar da yarinyar za ta sa, Borghild ce ta yi mata ado da allura hunturu guda, har idonta na ruwa. Ita ce za a ɓoye a kicin kamar bokitin shara. Kuma wa ya faɗa? Torleif, tsohon mijinta, wanda ya gasa fuskar da hannunsa.

A zamaninsu, in hutun Ista ya zo, duk mai hali sai ya hau duwatsu, ya yi wasa a dusar ƙanƙara, ya dawo fuska ta yi ja ta yi duhu. Wanda ya dawo fari fat, an san talaka ne. Torleif ba shi da ko bukkar kare a kan dutse, amma ya gaya wa duk garin yana da gidan katako a can. Saboda haka kowace Ista sai ya ɓoye mota, ya ja labule, ya hana kunna rediyo. Ya naɗe kwali da takardar alminiyom, ya shafe wa Borghild fuska da man jarirai, ya kwantar da ita a barandar baya, ƙasa-ƙasa yadda maƙwabta ba za su hango ba, kwalin a ƙarƙashin haɓarta yana dawo mata da rana. Har tabarau na masu wasan ƙanƙara yake ɗaura mata, don zagayen ido ya fito fari, shaida ta cika. In rana ta ƙi, akwai fitilar gasa fata a ɗaka. Shi kuwa yana ciki da jarida, wai fatarsa ba ta ɗaukar zafi, fuskar mace ita ake kallo. Arild kuma a kai shi gidan goggonsa, a ce hanyar dutse ba ta yara ba ce.

Shekara da shekaru ana haka. Da fuskar ta yamutse ta yi dabbare-dabbare, sai ya ce yana kwana da tsohon takalmi, ya kwashe kayansa ya koma wurin Sissel, mai fata sumul kamar cikin kofi.

Ranar Lahadi aka dawo daga coci zuwa gidan Arild, aka zauna cin kifi da dankali. An ajiye Borghild can ƙarshen tebur, kusa da ƙofar kicin. Torleif ya buga cokali a jikin kofi ya miƙe, kamar yadda ake yi in za a yi jawabi.

"Tuva, 'yar gidana, shawara ɗaya zan ba ki. Ki shafa man rana. In kin manta, ki leƙa ƙarshen tebur, ga darasi can zaune kyauta."

Aka yi dariya. Wasu suka sunkuyar da kai, amma sun yi. Sissel ta ce, "Kai, Torleif, ba ka da dama!" tana share ido.

"Wasa nake, Borghild. Ke ma kin sani, a gidanmu na dutse ba a iya raba ki da rana."

Borghild ta buga nata kofin har ya kusa fashewa. Ta jawo jaka daga ƙarƙashin kujera, ta fito da kwalin, alminiyom ɗin duk ya yage a gefe, ta ɗora kan tebur tsakanin kwanuka. Ta ajiye tabarau a kai.

"Ga gidanmu na dutse. Ku duba da kyau, yau na kawo muku shi."

"Mama," in ji Arild.

"Rufe mini baki, kai ma ba ka taɓa ganinsa ba. Ka taɓa? Faɗa musu." Ta juya ga Torleif. "Kai, tsohon maƙaryaci, ina sunan dutsen? A wace hanya ake bi? Baranda ce, hawa na uku, bayan shagon mai nama. Ina kwance ina soyuwa kamar tsire, kana ciki kana leƙen labule kada a ji motsinmu. Ka ƙona ni don a ce kai wani ne, yau kuma ni ce abin kunya a hoto?"

Wani tsohon abokin aikin Torleif ya ce a hankali, "Ashe shi ya sa ba a taɓa gayyatarmu ba." Dariya ta sake tashi, wannan karon ba wanda ya sunkuyar da kai. Sissel ta dubi mijinta ta ce, "Ba ka ce mini sayar da shi ka yi ba?"

Torleif ya yi ja har kunne, jan da bai taɓa yi ba a Ista. Ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita ya zauna a mota. Tuva ta ruga banɗaki tana kuka, sai da uwarta ta lallaso ta.

Aka fita tsakar gida don hoto. Ba wanda ya ce wa Borghild zo, ba wanda ya ce koma. Ta ratsa su ta tsaya gaba, kafaɗa da kafaɗa da jikarta, ta cire malafa, ɓawon ƙunar nan a fili.

"Kaka, kin ɓata mini rana," in ji Tuva, ba ta ko dube ta ba.

"Na sani. Ɗaga kai, kwalarki ta karkace."

Aka ɗauka. Ta mayar da malafarta.

Hoton ya fito, babu mai murmushi a ciki. Arild bai rataye shi ba, bai kuma sake bugo waya ba. Torleif har yau bai ce a yi haƙuri ba, yana dai bin wata hanya in zai je kasuwa don kada su haɗu. Borghild ta sa an wanke mata hoton babba, ta kafa shi daidai ƙofar shigowa, kusa da ƙusar da take rataye malafa.