Wadda Ta Yi Shiru a Bakin Ruwa

Mutanen Tungar Ɗanjuma masunta ne a gaɓar tafkin Kainji, tun Yawuri na cikin Jihar Sakkwato. Suna da kifi, suna da jirage, amma babu asibiti sai an je Yelwa. Madogararsu ɗaya Malam Garba, wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin shan magani kafin ya dawo gida.

Ran kasuwa da hantsi, jirgin da ya ɗauko yarinya Talatu da innarta Asama'u ya kife dab da gaɓa. Masunta suka tsamo kowa. A tungar nan babba ake fara dubawa, don haka jama'a suka rufu a kan tsoho Magaji, ɗaya daga cikin waɗanda aka tsamo, wanda ke ta salati yana riƙe da gwiwa. Talatu na zaune cikin laka tana kuka, goshinta na jini. Innarta kuwa na kwance can gefe, shiru.

"Ku bar ta ta huta," in ji wata mata.

Malam Garba ya iso da gudu. Magaji ya ɗaga murya: "Garba, nan! Ƙafata!"

"Baba, mai irin wannan murya ba yau zai tafi ba. Ina zuwa."

Talatu ta kama rigarsa. Ya dubi goshin, ya ɗora tafinta a kan raunin. "Danne nan, ɗiyata, kar ki saki." Ya wuce. Ranta ya ɓaci, har shi ma ya ƙyale ta.

Ya durƙusa gaban Asama'u ya kira sunanta, ba ta amsa ba. Ya kara kunne a bakinta yana duban ƙirjinta. Babu motsi. Ya taɓa wuyanta, ya ji jijiya na bugawa a hankali. Wani ya ce a danna cikinta ruwan ya fito.

"Ba ruwan ne damuwa ba, iska take so," in ji Malam Garba.

Ya share mata baki, ya ɗaga haɓarta, ya toshe hancinta, ya hura mata numfashi. Maza suka kau da kai don kunya. Ya sake, ya sake, har ta yi tari ta amayo ruwa. Ya juya ta ta kwanta a gefenta, ya ce a shirya jirgi a kai ta Yelwa.

"Yanzu ka tuna da ni?" in ji Magaji.

Talatu ta rarrafo ta riƙe yatsan innarta, hannu ɗaya na kan goshinta har yanzu. A nan ta gane cewa mai kuka yana da numfashi, wanda ya yi shiru shi ake fara zuwa wurinsa.