Sandar Awon Kafinta

Ƙorafin Inna mai lemo ne ya haifi teburin. Kullum da safe takan tsaya a bakin shagon kafinta ta ce bayanta ya kusa karyewa, don teburin da take kasa kaya a kai ya fi ta nauyi. In masu korar 'yan bakin titi suka zo kuwa, sai dai ta kwashi lemo ta bar musu tebur. Kafinta mutum ne marar yawan magana. Wata uku yana sauraronta yana goge katako, sannan ran nan ya ce, "Inna, bari in gwada wani abu."

Ba shi kaɗai ya yi ba. Mai walda, maƙwabcinsa, shi ya lanƙwasa ƙarfen da ƙafafun ke naɗewa a kai. Mai faci ya kawo tayoyin tsohon keken yara. Tela ya ce a ɗinka aljihun tamfol a ƙasa. Sau bakwai ana haɗawa ana warwarewa. A na takwas Inna ta naɗe shi da hannu ɗaya, ta ja shi a baya kamar akuya, tana dariya.

Kafinta bai iya zane a takarda ba. Duk awonsa a jikin wata sanda yake, ya tsattsaga ta da wuƙa: nan tsawon ƙafa, nan faɗin sama, nan inda ƙusa ke shiga. Wanda ya riƙe sandar nan ya riƙe teburin.

Mijin ƙanwarsa, wanda ake kira Ɗan Wanka, ba shi da sana'ar hannu, amma wayarsa cike take da lambobin manya. Ya zagaya teburin sau biyu ya ce, "Yaya, kana zaune a kan arziki kana shaƙar garin katako. Akwai taron 'yan kasuwa a otal duk ƙarshen wata. Shirya mu je."

Kafinta ya dubi tafin hannunsa mai kanta. "Me zan ce musu? Ni ba baki gare ni ba."

"To ba ni teburin, ni in yi bakin. Haɗo da sandar nan, su ga hikima."

Matar kafinta ta zo kawo abinci, ta ji. Ta ce a hankali, "Tebur dai ka ba shi. Sandar ta me?"

"Mijin ƙanwata ne fa, ba baƙo ba," in ji shi.

Ɗan Wanka ya dawo da teburin, ban da sandar, baki har kunne. A taron ya haɗu da mai kamfanin kujeru, shi kuma ya san mai shigo da tayoyi, mai tayoyi ya san wata mai raba kaya a manyan shaguna. "Sun so shi, Yaya. Aikin naka ne, ka ɗan ƙara haƙuri kawai."

Kafinta ya kwashe tarkacen rabin shago, ya share, don a sami wurin jera tebura. Ya ce wa mai walda ya kwana da shiri. A cikin kwanakin ne Inna ta ce ƙafar teburin ta kusa datse mata yatsa wajen naɗewa. Ya duba, ya gane ƙusar ta matso da yawa, ya janye ta faɗin yatsa biyu, abin ya gyaru. Ya juya zai tsaga wa sanda sabon awon, ya tuna ba ta nan. Duk lokacin da ya tambayi Ɗan Wanka, sai ya ce tana mota, ko tana ofis.

Bayan wata biyu tebura suka fara bayyana a bakin titi. Shuɗin fenti, tambarin kamfani a gefe, tayoyi sababbi fil. Kafinta ya tsaya ya shafa ɗaya. Bai yi wa kansa ƙarya ba, ya fi nasa kyau, ya fi nasa rashin nauyi. Ya leƙa ƙasa. Ƙusar tana wurinta na da.

"Yallaɓai mai kamfani," in ji mai walda cikin zolaya da kafinta ya dawo shago, "yaushe za mu fara? Na gaji da kwana da shiri."

Ba a yi mako ba wata mai sayar da sabulu ta zo shagon, hannu naɗe da bandeji, mijinta a gaba. "An ce kai ka ƙirƙiro wannan tarko," in ji mijin. Kafinta ya dubi bandejin. Tun da teburin ya fito ana yabonsa, yau ne karo na farko da wani ya ce nasa ne.

Matarsa ta ce, "Kada ka gaya wa 'yan kamfanin nan gyaran. Shi kaɗai ya rage a hannunka. Bari kaya su yi ta dawo musu, su zo nan su durƙusa, sannan ka ce ko a ba ka aikin ko su san inda suka nufa."

Ya san gaskiya ta faɗa. Amma bandejin nan ya ƙi barin idonsa, ga tebura kullum ƙaruwa suke. Washegari ya sa rigarsa mai dama-dama ya tafi kamfanin.

Ya daɗe a kan benci kafin a shigar da shi. Sandarsa na jingine a bayan kujerar mai kamfani, an shafe ta da man ƙyalli, an manna mata lamba. Ɗan Wanka na gefe cikin sabon ɗinki.

"Wane ne wannan?" in ji mai kamfani.

"Yayan matata ne, yallaɓai. Yana ɗan taɓa aikin katako."

Kafinta ya nemi izini, ya ɗauki sandar, ya fito da wuƙarsa. Ya auna yatsa biyu daga tsohuwar tsaga ya yi sabuwa. "A mayar da ƙusar nan," in ji shi. "Ba zai sake cin hannun kowa ba."

Mai kamfani ya kira shugaban ma'aikatansa, suka duba tare. Sannan ya dafa kafaɗar Ɗan Wanka. "Abin da ya sa nake son aiki da kai ke nan. Ka san mutane."

Kafinta ya miƙa hannu zai karɓi sandar, amma shugaban ma'aikata ya riga ya fita da ita. Ɗan Wanka ya rako shi bakin ƙofa yana duba waya. "Yaya, a gaida gida. Taron wata mai zuwa da kai za mu, in Allah ya so."

Mai walda na zaune a bakin shago lokacin da kafinta ya iso. "An ba ka aikin?"

"An gyara teburin."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Kafinta ya wuce shi. Ya shiga ciki, ya fara jawo tarkacen da ya kwashe yana mayar da su wurin da ya share.