Rigar Ashiru Ta Shiga Talabijin

Tun ranar da Ridwanu ya shigo gidanmu ya durƙusa gaban Umma yana wani sunne kai, na san ba alheri ya kawo shi ba. Yaron da ya tashi yana lashe tukunyarmu a nan Agege, abokin ƙanena Ashiru tun suna yawo ba wando, amma ko zaman makokin Ashirun bai zo ba. Sai yanzu da ya samu aiki a kamfanin masu shirin talabijin ya tuna hanyar gidan.

Kowa a layinmu ya san shirin nasu. Wata mace ce sufeto, mai ɗaure fuska, take farautar 'yan sandan da suka lalace, masu karɓar na goro da masu ƙulla wa mutane sharri. Duk Lahadi da yamma ko mai shayi sai ya juya wa tukunyarsa baya.

"Umma," in ji Ridwanu, "labarin Ashiru za mu yi. Duniya za ta san gaskiya."

Gaskiyar kuwa ba ta da tsawo. Ashiru dakon nama yake yi daga mayankar Oko-Oba, yana kai wa mahauta a kan okada, wato babur ɗin haya. Wata safiya 'yan sanda suka tare shi a shingen hanya, gardama ta kaure, aka harbe shi. Kafin mu je, har an gama tsara zance, wai ɗan aiken 'yan fashi ne. Ba wanda aka kama, ba wanda ya ba mu haƙuri. Tun daga nan Umma ba ta da wani buri a duniya sai a wanke sunan ɗanta.

Sai Ridwanu ya roƙi rigar.

Rigar aikin Ashiru ce, mai kauri, ruwan madara, wadda Umma ta yi wa faci a gwiwar hannu da ƙyallen atamfa kore. Daga Oko-Oba har bakin titin jirgi, in ka hango koren facin nan ka san Ashiru ne. A cikinta aka harbe shi. Da aka raba kayansa sadaka, ita kaɗai Umma ta hana. Ta wanke ta, ta ɗinke hujin, ta ajiye a ƙasan adakarta.

Na ce, "Umma, kada ki ba shi. Su da ke da ɗaki guda na tufafi, rigar mamaci za su rasa?"

"Anti Fauziyya, don abin ya fito da gaske ne," in ji shi.

"Ban kasa da kai ba, munafuki."

Umma ta ɗaga mini hannu. "Fauziyya, bakinki ya cika zafi. Ɗan gida ne." Ta tashi da kanta ta ɗauko, ta shafa ta, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ranar da za a nuna, kai ka ce suna ake yi a gidanmu. Umma ta dafa zoɓo, ta soya cincin, ta sa aka fito da talabijin tsakar gida, maƙwabta suka aro mana janareta don kada wuta ta ci amanarmu. Ta aika har wurin Alhaji Na'Allah, shugaban mahautan da Ashiru ke yi wa dako, mutumin da ya tsaya a masallaci ya rantse cewa Ashiru bai taɓa ɗaukar ko tsokar wani ba. Ya zo da mutanensa, aka ba shi kujera a gaba. Matan Yarbawan layinmu ma sun zo, don Ashiru nasu ne, Yarbancinsa ya fi na wasunsu daɗi.

Aka fara. Ga shingen hanya, ga okada ɗauke da nama, ga koren faci.

"Ga shi nan," Umma ta faɗa a hankali, ta dafe ƙirji. "Ga ɗana nan."

Sai mutumin da ke sanye da rigar ya buɗe baki. Innalillahi! Wani gwaranci ya kama yi, yana washe haƙora, yana sosa ƙeya, wani ɗan sanda yana ce masa aboki cikin izgili yana dungure masa kai. Ashirun da aka haifa a garin nan, kakansa soja ne tun zamanin Turawa, shi aka mayar wawan da bai san hagu da dama ba. Yaran da ke zaune a ƙasa suka tuntsire da dariya. Na daka musu tsawa, amma dariyar ta riga ta fita.

Aka harbe shi, ya faɗi, ja ya malale a gaban rigar. Umma ta rufe ido, leɓenta na motsi. Na ce a raina, to, yanzu sufeton za ta zo ta tona asirinsu, a wuce wurin.

Ta zo kuwa, da takunta na isa. Ta sa sanda ta ɗaga naman da ke bayan okadar. Bindigogi ne a ƙasa. Ta juyo ta kalle mu, ta bayyana cewa mai naman yaron lalatattun 'yan sandan ne, shi ke yi musu safarar makamai, rabo ne ya haɗa su faɗa suka kashe shi.

Can daga baya na ji wata ta ce, "Ashe dai." Ban ga ko wace ce ba, da na gani da an raba mu da ƙyar. Alhaji Na'Allah ya miƙe, ya gyara hularsa, ya fita bai yi wa kowa sallama ba, mutanensa suka bi shi. Kafin a gama shirin gidan ya watse, ga zoɓo nan a kofuna ba a sha ba. Umma ta tattara kofunan da kanta.

Washegari na hau danfo, motar haya, zuwa Ilupeju, inda suke da wani tsohon sito da suka mayar wurin ɗaukar shiri. Mai gadi ya ce ba a shiga, na ce ya taɓa ni ya gani. Na tarar da Ridwanu yana raba wa mutane abinci a roba. Ashe babban aikin ke nan.

"Anti, abeg, don Allah ki saurare ni," ya ce, yana ja da baya. "Oga, mai shirin, shi ne ya canza labarin. Ya ce in mutumin ba shi da laifi, labarin ba zai ja ba. Kuma ai ba mu ambaci sunansa ba."

"Ba ku ambaci sunansa ba? Ka sa masa rigar da duk Agege ta sani, ka ce ba ku ambaci sunansa ba? Waɗancan sun kashe shi sun yi masa ƙarya a bakin titi, mutum nawa suka ji? Kai ka ɗauki ƙaryar ka kai ta ɗakin kowa!"

"Shiri ne kawai, kowa ya san wasa ne."

"Je ka gaya wa Alhaji Na'Allah. Je ka gaya wa matar da ta ciyar da kai. Allah ya isa tsakaninmu da kai, Ridwanu, kuma in ka sake taka ƙofar gidanmu sai na yi maka wanka da ruwan zafi. Ba ni rigar."

Ya shiga ya fito da ita a cikin leda, a cukurkuɗe. Matar da ke fitowa a sufeto tana zaune gefe ana yi mata kwalliya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na tofar da yawu a gabansu na fito. Ina kuka a danfo, kwandasta yana tambayata lafiya, na ce ya kula da aikinsa.

Na so in ɓoye ledar, amma Umma na bakin famfo ta hango ni. Ta karɓa, ta zazzage. Duk gaban rigar ja ne wur, ya bushe ya yi tauri, kuma sun farke ɗinkin da ta yi wa hujin don ya fito a hoto.

Ba ta zagi kowa ba, ni kuwa abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta jawo baho, ta zuba ruwan sanyi da gishiri, yadda ta saba yi a da in Ashiru ya dawo daga mayanka. Ta jiƙa, ta cuɗa, ta zubar, ta sake. Ta sa sabulu, ta sa lemon tsami. Har la'asar tana durƙushe, yatsunta sun yi fari sun tattare, jan nan ko gezau.

"Umma, ki bari haka. Fenti ne, ba zai fita ba."

Ta ɗaga rigar ta duba ta a hasken rana.

"Jinin shanu kullum fita yake," ta ce. "Nasa ma da na wanke, ya fita. Wannan ne ya ƙi."

Ta mayar da ita cikin ruwan, ta ce in ƙaro mata gishiri.