Sawun Taya a Ƙarƙashin Masaki

Zubairu ya janye tsohon buhun da aka lulluɓe tayar da shi, ya mirgino ta daga bayan rumfa har gaban Muttaka.

"Wagga hwa, Yaya? Ita ba ta saidawa ba ta?"

Muttaka mai faci yana tsugune da sifana a hannu, ya gama ɗaura taya ta uku ke nan a tsohuwar Landirobar Zubairu. Ya ɗago ya dubi tayar, ya dubi wanda ya mirgino ta, sannan ya share gumi da kafaɗa.

"Mai da ta inda kaɗ ɗauko ta. Aibi gare ta. Ta huɗun mu bar maka taka tsohuwa, gobe in nemo maka wata."

Da wani ne da ya ce to. Amma Zubairu direba mutum ne da in ka gaishe shi da fara'a sai ya shafa aljihunsa. A tashar Kaura an san shi, ko tsire zai saya sai ya juya kowace tsoka ya ga bayanta. Tun shekaranjiya da Muttaka ya aika masa cewa ga tayoyi 'yan Kwatano sun samu, masu manyan haƙora irin na shiga laka, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Arharsu ta yi yawa. Kuma duk tashar ba motar da ke da irin zanensu. Sai dai damina ta kankama, nasa tayoyin sun siɗe kamar tafin hannu, sau biyu a mako guda ana turo shi daga cikin taɓo a hanyar Badarawa. Ga shi Muttaka ba bare ba ne, wan matarsa Rashida ne, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi kuma ya ba Zubairu aurenta.

Duk da haka sai da ya duba ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Ya cusa hannu ciki yana laluben faci, ya tofa yawu ya goge gefe ko an shafa baƙin fenti, har sunsuna su ya yi. Bai sami komai ba, kuma rashin samun ya fi damunsa.

Yanzu ga ta huɗu a ɓoye ƙarƙashin buhu. Ya juya ta a hankali. Haƙora biyu na gefe sun guntule, da wata 'yar tsaga a karkace kusa da su. Ban da wannan ta fi sauran nama.

"Wanga na aibin? Yaya Muttaka, in wani kaɓ ɓoye ma ita, hwaɗa min kawai."

"Ba wanda niɓ ɓoye mawa."

"To ɗaura ta. Ba ni hita da ƙahwa ukku sabbi guda gurguwa."

Muttaka ya ɗauki sifana ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Yau ina za ka?"

"Badarawa," in ji Zubairu, ko ƙifta ido bai yi ba.

Ƙarya yake yi. Takin zamani ya samu zai kai Tungar Abbati, wani ƙauye gaba da Dauran a hanyar Zurmi, kuma ba ya faɗa wa kowa inda lodinsa yake. Rumfar mai faci majalisar direbobi ce, ka yi magana da hantsi, kafin azahar wani ya riga ka.

"Badarawa dai ko? Madalla. Hanyar Zurmi ta ɓaci, kak ka bi ta kwanan ga. Ka ji ko?"

"Na ji."

A ransa ya ce, ato, ashe akwai wanda ake yi wa tanadin lodin can. Ya tsaya a kan Muttaka har ya shafa ruwan sabulu a bakin tayar, ya zaunar da ita, ya ba ta iska, ya ɗaure notuka. Bayan an sauke jak ma sai da ya karɓi sifanar ya ƙara matse kowane noti da kansa. Da za su rabu Muttaka ya ce a gai da Rashida, sannan ya ƙara da cewa, "Badarawa hwa."

Tayoyin ba su ba shi kunya ba. Da ya sauka daga kwalta ya kama hanyar gonaki, inda ruwan jiya ya kwanta tsakanin gero da dawa, motar ta dinga tsaga laka kamar garma. Wurin da ya tabbata sai an turo shi, ko tari ba ta yi ba. Daɗi ya kama shi har ya fara jin kunyar zargin da ya yi wa Muttaka. Ya yi niyyar in ya koma zai saya masa goro.

Ya shiga Tungar Abbati bayan azahar. Mutanen da ke zaune gindin darbejiya a ƙofar gidan Maigari suka amsa sallamarsa, amma ba wanda ya dubi fuskarsa ko buhunan takin. Ƙasa suke kallo, bayan motar, inda tayoyin suka zana layi biyu a danyar laka. Wani tsoho siriri mai sanda ya tashi ya bi layin yana sunkuye, taku goma, ya tsaya, ya sake yin goma ya tsaya. Sai ya yi wa wani saurayi raɗa, saurayin ya shige gida da sauri. Mutum biyu suka je suka tsaya a ƙofar direba.

"Lahiya dai?" in ji Zubairu.

"Lahiya lau," suka ce, ba su matsa ba.

Maigari ya fito, dattijo mai farin gemu, bai ko zauna ba. Ya ce Zubairu ya biyo shi. Suka zaga bayan masallaci, jama'a na biye, har wani ɗakin ƙasa da aka ɓalle wa ƙofa. A gaban ɗakin akwai wani babban masaki a kife, an danne shi da dutse, an kewaye shi da ƙaya.

"Nan muka aje hatsin zakka," in ji Maigari. "Na marayu da gajiyayyu, munka ce sai marka ta yi tsanani a raba. Litinin da taw wuce, ana tsakar ruwa, anka zo da mota anka kwashe. Maitama, buɗe mai."

Tsohon mai sanda, wanda shi ne mai bin sawu na ƙauyen, ya ɗauke dutsen ya ɗaga masakin a hankali. Ƙarƙashinsa laka ce ta bushe, da sawun taya kwance a kanta sarai: manyan haƙora, gurbin biyu da suka guntule, da 'yar tsaga a karkace.

Sawun tayar nan ta huɗu ne, wadda Zubairu ya matsa aka ɗaura masa. Wannan ce daminar farko tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, kuma ba hirar da ake yi a tasha kamar ta hannun ɓarawo. Zubairu ma ya sha cewa a yanke, maganinsu ke nan. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

"Ranka shi daɗe, wallahi yau anka ɗaura min su. Yau da hantsi."

Maitama ya koma wajen motar, ya kankare lakar notukan da tsinke, ya daɗe yana dubawa. Ya dawo ya ce gaskiya sifana ba ta daɗe da taɓa su ba.

"Na ji," in ji Maigari. "Amma noti ba ya magana gaban alƙali. Mutum ka kwance taya da sahe shi mayar da sahe. In tun Litinin suna ƙahwar motarka, kai na. In yau anka sa su, to akwai wanda suka hito hannunai. Ina kas samo su?"

Zubairu ya buɗe baki. Abin da ya fara zo masa shi ne ya ce kasuwar Shinkafi, wajen wani baƙo da bai sani ba. Wataƙila shi ma Muttaka sayar masa aka yi. Mai faci yana karɓar taya daga hannu ɗari, ina zai san wadda ta je sata? Ya tuna Rashida, wadda ba ta da kowa a duniya sai wannan wan nata.

"Wani mutum na," ya fara, "a kasuwa..."

"Yi a hankali, ɗana," Maigari ya katse shi. "Mu ba mu yi gaggawa ba. Har Kaura munka aika anka ɗauko muna masanin taya ranar Laraba, Muttaka mai faci. Nan yat tsuguna inda kake tsaye, yad duba, yas sa yatsa cikin tsagar ga. Yac ce shekara ashirin shina aikin taya, bai taɓa ganin irinta ba."

Zubairu ya lissafa kwanakin. Laraba Muttaka ya zo nan, Alhamis ya aika masa cewa tayoyi sun samu. Ya san wadda zai rufe da buhu, ya san hanyar da zai hana shi bi. Ya san komai, kuma duk da haka ya tsuguna ya ɗaura su a motar mijin ƙanwarsa. Baƙin ciki ya kama Zubairu, da wani abu mai kama da kunya, domin sau biyu mutumin ya nemi kare shi, sau biyun shi da kansa ya ture.

Maitama yana riƙe da masakin a ƙirji, yana jira a ce ya mayar.

"Muna saurare," in ji Maigari. "Wane mutum, wace kasuwa?"

Muryar Zubairu ta fito ƙasa-ƙasa, har sai da na baya suka matso.

"Ba kasuwa ba ta, ranka shi daɗe. Shi wanda kunka ɗauko ɗin, shi yaɗ ɗaura min." Ya ɗan tsaya. "Wan matata na."

Maigari ya juya ga mutum biyun da suke tsaye a bayan Zubairu tun ɗazu.

"Ku matsa mai haka nan," ya ce. "A kawo mai tabarma shi zamna."